Kiwon Agwagwa a Gida: Darasi Domin Iyalai

Wanda ya bi ta ƙauyukan Kuje, Kwali ko Abaji da sanyin safiya a tsakiyar damina, da wuya ya wuce unguwa uku bai ga agwagwa tana tafe tana rangaji, 'ya'yanta jere a bayanta ba. Kaza ce ta fi yawa a gidajen Gbagyi, Gade, Bassa da sauran mazaunan Birnin Tarayya, ita ce kuma ake tunawa idan baƙo ya zo. Agwagwa kuwa tana nan a gefe, ba a cika lissafa ta cikin dukiyar gida ba. Amma idan iskar hunturu ta kawo annobar da ke share akurkin kaji cikin mako guda, sau da yawa ita ce takan rage tana yawo a tsakar gida.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar abinci ta shiga kowane gida. Ƙwai da nama suna cikin abubuwan da suka fara ɓacewa daga tukunyar masu ƙaramin ƙarfi, yara kuwa su ne suka fi cutuwa, gama jikin da ke girma yana bukatar abinci mai gina jiki kowace rana. Iyalin da ke da ɗan fili a bayan ɗaki yana iya rage wannan gibi da tsuntsuwar da ba ta neman abu mai yawa. Sai dai tana da nata sharuɗɗa. Wanda ya yi mata kiwon kaza zai yi hasara, wanda kuma ya sake ta ba tsari zai sayi rigima da maƙwabta.

Wace irin agwagwa ce?

Agwagwar da aka saba gani a ƙasar nan, mai jan tsiro a fuska kewaye da ido, Turawa suna kiranta Muskobi. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, inda mutanen ƙasar suka daɗe suna kiwonta kafin jiragen ruwan Turawa su kai ta sauran nahiyoyi. Ba ta da ƙara. Toro huci kawai yake yi, macen kuma muryarta ƙasa-ƙasa ce, abin da ya sa ta dace da unguwar da gidaje suka matsu. Toron yakan kusan ninka macen nauyi. Macen, da yake ba ta da nauyi, tana tashi sama sosai, tana iya haye katanga ko ta kwana a kan rufi.

Akwai wasu irin da suka fito daga zuriyar agwagwar daji ta ƙasashen arewa. Fara sol ɗin nan mai rawayan baki, wato Pekin, daga ƙasar Sin aka kai ta Amurka a 1873, nama ake kiwonta dominsa. Akwai kuma Kaki Kambel, wadda wata mata mai suna Adele Campbell ta samar a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 19. Idan ta sami abinci mai kyau tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, amma ba ta cika kwanci ba, kuma ba ta jure sakaci. Ta gida kuwa, idan yawo take yi tana neman abincinta, abin da aka saba samu bai cika wuce ƙwai 60 zuwa 80 a shekara ba. Duk da haka ita ce ta fi dacewa da mai farawa, domin uwa ce ta gari, tana kwanci da haƙuri, tana kuma kare 'ya'yanta. A lura da abu ɗaya: idan aka haɗa Muskobi da waɗancan irin, 'ya'yan da za a samu suna da nama mai kyau amma ba sa haihuwa, kamar alfadari. Wanda ya ajiye su domin iri zai yi ta jiran abin da ba zai zo ba.

Wurin zama

Kafin a sayi ko ɗaya, sai a fara duban inda ake zaune. A cikin ƙwaryar birni, irin su Wuse, Garki da Maitama, dokokin tsabtar muhalli ba su yarda a saki dabbobi suna yawo ba, Hukumar Kare Muhalli ta Abuja kuwa tana da ikon kama su. A garuruwan kewaye kamar Kubwa, Nyanya, Karu da Lugbe, yawancin iyalai haya suke yi a gidan da mutane da dama ke tarayya da tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya. A irin wannan gida, neman yardar mai gida da na sauran 'yan haya ya riga sayen tsuntsu. Kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, tana yinsa ko'ina, tana kuma tsoma baki cikin duk ruwan da ta gani, ko da na wankin kwanonin maƙwabciya ne. Zumuncin shekara goma yana iya lalacewa a kan bokitin ruwa ɗaya. Kiwon sake na sosai ya fi dacewa da masu gidan kansu a gefen gari da ƙauyukan Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Mai ƙaramin fili ya kewaye wani sashe da waya ko zana, ya riƙa sakinsu na 'yan sa'o'i sa'ad da akwai mai lura.

Ɗakin kwanansu ba ya bukatar tsada. Abin nema shi ne rufin da ba ya yoyo, iska mai shiga da fita, ƙofar da ke rufuwa gam, da daɓen da ya ɗan fi ƙasa tudu domin kada ruwan sama ya shiga. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako, a riƙa sauyawa da zarar ya jiƙe. Manyan agwagi uku sun isa a murabba'in mita ɗaya. Abin mamaki ne, amma tsuntsuwar da ke wuni cikin ruwa tana bukatar busasshen wuri ta kwana. Shimfiɗar da aka kwashe kuma taki ne mai ƙarfi. A tara ta ta ruɓe na wasu makonni kafin a kai ta gindin alayyafo ko kuɓewa.

Toro ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa shida. Idan toraye suka yi yawa, faɗa suke yi, suna kuma wahalar da matan. Domin hana su tashi, a rage dogayen gashin fiffike ɗaya kaɗai da almakashi. Ba ya yi musu zafi, amma gashin yana sake fitowa, sai a maimaita.

Ruwa da abinci

Mutane da yawa sun fasa wannan kiwo domin suna zaton sai da kududdufi. Ba haka ba ne. Abin da ya zama dole shi ne ruwa mai tsabta a mazubin da zurfinsa ya isa ta nutsar da kanta duka, ta wanke hanci da ido. Idan ba ta samu ba, idanunta sukan yi kwantsa, hancin ya toshe. Tsohon daro ko rabin jarka ya wadatar, a zubar a sake kowace rana. Idan aka ɗora shi a kan tsakuwa, wurin ba zai zama taɓo ba. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ke tsananta a Gwagwalada da Abaji, rijiyoyi kuma suka ja baya, wannan ruwa yana shiga cikin lissafin kuɗin gida, musamman ga masu saye a wurin 'yan garuwa. Ya kamata a yi wannan lissafi tun kafin garke ya yi yawa.

Damina a Birnin Tarayya takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, cikin waɗannan watanni kuwa agwagwa tana samun rabo mai yawa da kanta: ɗanyar ciyawa, tana, gara, shinge, dodon koɗi, talibambam, fara, ƙudaje da tsutsar sauro. Wannan ne ribar kiwon sake. Amma yawo kaɗai ba ya ƙosar da mai yin ƙwai. A ba su ƙari sau biyu, kaɗan da safe, mai yawa da yamma. Na yamman ne ke koya musu dawowa gida da kansu. Dusar masara ko ta dawa, dusar da ta rage bayan an tace kamu ko an yi awara, ƙanzon tuwo, ganyen zogale da ragowar kayan miya duk suna da amfani. A dama da ruwa ya yi danshi, domin busasshen gari yana shaƙe su, rabinsa kuma yana zubewa ƙasa. Masu yin ƙwai suna bukatar abin da zai ƙarfafa ɓawo: a ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai ko katantanwa, a daka, a ajiye musu a wani kwano dabam.

Akwai haɗarin da ya cancanci a tsaya a kansa, wato hatsin da ya yi fumfuna. Dabi'a ce a gidaje da yawa a ware masara ko gyaɗar da ta lalace a ce ta tsuntsaye ce. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Brazil. Daga nan aka gano dafin da ake kira afalatoksin, wanda fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. A cikin tsuntsayen gida, 'ya'yan agwagwa suna cikin waɗanda wannan dafi ya fi saurin kashewa, domin hanta yake lalatawa. A yanki mai laima irin na Abuja, inda ake girbin masarar fari ruwa yana kan zuba, abin yana da sauƙin faruwa. Hatsin da ya sauya launi ko yake warin ruɓa bai dace da mutum ba, bai kuma dace da agwagwa ba.

Haka kuma a nisanta su da kwatami, bola, wurin da makanikai ke zubar da baƙin mai, da gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari. Mushe da ruwan da ya daɗe a kwance yana ruɓa suna haifar da wani dafin da ke sa wuyan agwagwa ya saki, ta kasa ɗaga kai. Masu cewa agwagwa ƙazama ce suna da hujja a abin da suke gani, sai dai abin da ta samu take ci. Wadda aka ba ruwa mai kyau tana fin kaza yawan wanka.

Kwanci da renon 'ya'ya

Macen takan fara ƙwai tana da wata shida zuwa bakwai. Tana son ɓoyayyen wuri mai duhu, idan kuwa ba a tanadar mata ba, za ta nemi nata a ƙarƙashin rumbu ko cikin ciyawa, inda gafiya, guza, maciji ko kare za su riga mai ita. A kifa tsohon kwando ko a jingina fasasshiyar randa a lungun ɗakinsu, a zuba busasshiyar ciyawa, a kuma bar su a rufe har hantsi, domin yawancin ƙwan da safe ake yinsa. Takan tara 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, sa'an nan ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta kwanta.

Nan ne masu sabon kiwo suka fi yin kuskure. Kaza kwana 21 take yi, Pekin da Kaki Kambel kwana 28, amma agwagwar gida kwana 35 cur. Mutum yakan ga wata ya cika ba motsi, ya ɗauka baragurbi ne, ya fasa, ya tarar da ɗa mai rai wanda saura mako guda ya fito. A rubuta ranar da ta fara kwanci a jikin kalanda ko bango. Wannan aiki ne da ɗan makaranta zai yi da murna. Bayan kwana goma ana iya haska ƙwan da tocila a cikin duhu: mai ɗa zai nuna jijiyoyi ja, wanda ba kome zai zama garau, sai a cire shi. Idan uwar ta fita ta yi wanka ta dawo da jiƙaƙƙen gashi, kada a hana ta, gama wannan laima tana taimakon ƙyanƙyasa.

Makonni huɗu na fari su ne masu wuya. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to agwagwa ma haka, har da hankaka, muzuru da ɓera. Toron kansa yana iya tattake su ko ya kashe su. A killace uwar da 'ya'yanta a wuri mai rufi, a ba su abincin 'yan tsaki na kanti idan da hali, ko tsakin masara da dafaffen ƙwai, garin ƙananan kifi da yankakken ganye. Kada a bar su cikin ruwa mai zurfi ko ruwan sama. Gashinsu bai riga ya sami man da ke hana jiƙewa ba, sanyi yana kama su nan da nan, kuma ɗan agwagwa yana nutsewa a bokitin da ya kasa fita. A zuba tsakuwa cikin kaskon ruwansu yadda baki zai shiga amma jiki ba zai shiga ba. Idan aka ga ƙafafunsu suna lanƙwashewa, yawanci abincin ne ya gaza, sai a ƙara ganye, kifi da yis. Uwar da aka raba da 'ya'yanta bayan sun yi ƙwari takan koma yin ƙwai da wuri, har ta yi kwanci sau uku a shekara. Bayan shekara ɗaya ko biyu a musanya toro da na wani gida mai lafiyayyen garke, domin kada jini ɗaya ya yi ta juyawa 'ya'ya su raunana.

Murar tsuntsaye

Ƙarfin jikin agwagwa yana da wani gefe mai haɗari. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, karo na fari a nahiyar Afirka. Cutar ta bazu zuwa jihohi fiye da 20 har da Birnin Tarayya, aka hallaka tsuntsaye masu ɗimbin yawa, a farkon 2007 kuma aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Ta sake ɓullowa a 2015, ta kuma dawo a 2021. Abin da ya shafi wannan darasi shi ne, agwagwa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar tana yawo da ita ba tare da ta nuna alama ba. A 2008 masu bincike sun same ta a jikin agwagin da ake gani lafiya lau a kasuwar tsuntsaye ta Gombe. Tsuntsayen ruwa na daji, waɗanda wasunsu ke zuwa daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, suna cikin masu yaɗa ta, agwagwar da ke zuwa rafi ko bakin dam kuwa tana cuɗanya da irinsu.

Saboda haka kada agwagi da kaji su kwana ɗaki ɗaya ko su sha a kasko ɗaya. Tsuntsun da aka sayo daga kasuwa, ko aka kawo kyauta daga ƙauye, a ware shi aƙalla mako biyu kafin ya shiga cikin sauran. Wanda aka kai kasuwa bai sayu ba, shi ma haka. Kada tsuntsu ya kwana ɗakin da mutane ke kwana, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su ko sun share ɗakinsu. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yi gaggawar yankawa a ci, kada kuma a kwasa a kai kasuwa domin gudun hasara, gama wannan jefa gidan wani ne cikin masifar da ake gudu. A sa leda a hannu, a binne mushen da zurfi, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Jami'ar Abuja tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato kuwa, wadda aka kafa tun 1924, ita ce ke tabbatar da cutar.

Ƙwai, nama da kasuwa

Ƙwan agwagwa ya fi na kaza girma, yakan kai giram 70 zuwa 80, gwaiduwarsa babba ce mai maiƙo, masu yin kek da cincin suna yaba shi. Da yake sau da yawa a ƙasa mai danshi ake yinsa, a kwashe shi da wuri, a dafa shi har gwaiduwar ta daskare, musamman idan yara, masu juna biyu ko tsofaffi za su ci. Wanda za a sa a kwanci kada a wanke shi, kada kuma ya wuce kwana bakwai zuwa goma a ajiye.

Naman ja ne, ya fi kusa da na dabba bisa ga na kaza. Ƙarnin da ake kuka da shi yana raguwa ƙwarai idan aka yanke ƙullutun man da ke bisa gindin wutsiya kafin a dafa, aka kuma sa citta, tafarnuwa da masoro. Figar tana da wuya, sai da ruwa mai zafi sosai da ɗan haƙuri. Akwai camfe-camfe a kanta a sassa dabam-dabam na ƙasar nan. A kudu maso yamma, alal misali, direbobi da yawa suna tsoron take ta da mota, wai tana jawo hatsari. Babu kome cikin wannan sai tsoro, amma yana rage masu saye a wasu unguwanni, shi ya sa mai kiwo ya kamata ya san masu cinta a kewayensa kafin ya tara garke. A ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon agwagi, nama ne na yau da kullum. A Japan kuma wani manomi mai suna Takao Furuno ya yi suna da sakin 'ya'yan agwagwa cikin gonar shinkafa suna cinye ciyawa da ƙwari suna barin taki. Masu noman fadama a Kwali da Abaji suna iya gwadawa a ƙaramar kunya, amma sai dashen ya kama ƙasa, a kuma fitar da su kafin shinkafa ta fid da kai.

Toraye ne na yanka da sayarwa, mata na iri. A kiwon sake, toro yakan ɗauki wata biyar zuwa shida kafin ya cika. Iyalin da ke son nama a tukunya da kuɗin ɗinkin yara a lokacin Kirsimeti sai ya ƙirga baya: 'ya'yan su fito a ƙarshen Yuni, wato uwar ta kwanta a makon ƙarshe na Mayu, ƙwan kuma ya fara taruwa tun farkon watan. Hakan ya sa yawancin girmansu ya faɗo cikin damina, lokacin da abinci ke ko'ina. Makonni uku kafin a sayar, a rage musu yawo, a ƙara musu dusa da hatsi. Kuɗin makaranta na zangon Janairu yana biye da bikin, saboda haka a bar toro biyu ko uku a hannu har a shiga sabuwar shekara.